Mota ta iya karatu, to ina allon da za ta karanta a hanyar Filinge?

'Yan uwa matasa, duk mai waya a hannu ya ga irin bidiyon nan: sabuwar mota tana tafe, ta wuce allon gudu, nan take lambar ta fito gaban direba, in ya zarce ta yi masa ƙara. Sai ka ga ana ta rubuta "Turawa sun gama komi", wasu har da cewa da muna da irinta da haɗari ya ƙare a Nijar. To mu tsaya mu duba, don wannan magana tana ɗauke laifi daga kan masu laifi.

Na'urar gaskiya ce. Tarayyar Turai ta wajabta ta ga sabbin samfurin motoci tun Yulin 2022, sannan ga duk sabuwar motar da za a sayar tun Yulin 2024. Da abu biyu take aiki: kyamara a gilashin gaba mai karanta allunan bakin hanya, da taswira mai ɗauke da iyakar gudun kowane titi. Su kansu masu dokar ba su ce ba ta kuskure ba. Sharaɗinsu shi ne, a gwajin tafiyar kilomita 400, ta nuna lambar daidai a kashi 90 cikin 100 na tafiyar, kuma kada ta gaza kashi 80 a kowane irin titi. Ma'ana ko a Faransa, inda kowane lungu ke da allo, an yarda ta yi kuskure a kilomita ɗaya cikin goma.

Yanzu ɗauko motar nan ka aza ta bisa RN25, daga Yamai ka bi ta Baleyara, Damana, Bonkuku har Filinge, wajen kilomita 180. Kyamara allo take nema. Inda babu allo, ko rana ta cinye fentinsa, ko ƙurar hunturu ta rufe shi, sai ta ci gaba da nuna lambar da ta gani a baya, ko ta bar wurin fayau. Taswira kuwa sai hukuma ta yanke iyakar gudun wuri, wani ya shigar, kafin mota ta sani. Ka ga ke nan wayon motar kaf aro ne daga aikin da ma'aikatan hanya suka riga suka yi a ƙasa.

Balle ma wa ke sayen sabuwa? Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna tsofaffin motoci miliyan 14 suka fita daga Turai, Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, kuma Afirka ce ta fi kowa kwasa. Su ne 'yan Kwatano da muke hawa. Wadda ta fito daga Amurka ma da mil take ƙirga gudu: allura na kan 50, kai kuwa kana zuba 80 a kilomita. Hiyas ɗin tasha kuma, sau nawa ka leƙa ka ga allurar a kwance, ta mutu tun tuni? Direban da bai san gudun da yake yi ba, ta yaya zai kiyaye doka?

Abin da ke cikin maganar rai ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, Afirka ce kan gaba idan aka auna da yawan jama'a, kuma shi ne babban makashin 'yan shekara 5 zuwa 29. Mu ke nan da ƙannenmu. Motar da ke gudun 100 tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, kuma in gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata sai ya ninka huɗu. Ka tuna Baleyara ranar Lahadi: amalanke, raƙuma, garken shanu, mata da kaya a kai, yara masu talla suna ratsa kwalta. Daƙiƙa guda ɗin nan ita ce tsakanin birki da jana'iza.

Na san amsar da za a ba mu. Za a ce Tillaberi na cikin dokar ta-ɓaci tun 2017, ana fama da 'yan bindiga, wa ke ta allo? Za a ce direba yana gudu ne don kada dare ya same shi a daji. Gaskiya ne, tsoron nan ba ƙarya ba ne, kuma ba mai raina jinin sojojinmu da na talakawan da aka kashe. Amma wannan hujja ce ta a ƙara tsare cikin garuruwa. In direba zai taka wuta a daji, dole a samu abin da zai tilasta masa sassautawa kafin ya shiga kasuwa ko ya wuce ƙofar lakwal. Uwar da mota ta take ɗanta a Bonkuku, kukanta ɗaya ne da na wadda bindiga ta raba da nata.

Ɗaya amsar ita ce "kwana ya ƙare". Mun yi imani da ƙaddara, amma ba mu taɓa ganin wanda ya bar garkensa a sake a Tukunus ya ce ya yi tawakkali ba. Dabba ma ana ɗaure ta. Sai ran mutum ne za a bar wa sa'a?

Muna da dokar hanya ta 2014. Muna da ANISER, hukumar kiyaye haɗari. Muna da FER, asusun gyaran hanya, kuma direba na biyan peyaji. Don haka abin da muke nema ba alfarma ba ne:

Allon gudu mai ƙyalli da dare a mashiga da mafitar kowane gari daga Yamai zuwa Filinge. Gudun 30 a gaban kasuwa, lakwal da gidan likita, kamar yadda sanarwar Stockholm ta 2020 ta nema, tare da tudun rage gudu mai fenti da allon gargaɗi, ba tarin ƙasar da ke kifar da mota ba. Kada motar haya ta tsallake binciken lafiyar mota da matacciyar allura. A riƙa bayyana wa jama'a yawan haɗarin RN25 da wuraren da ya fi aukuwa. Ƙungiyoyin direbobi kuma su hukunta nasu tun a tasha.

Namu aikin ga shi. Duk mai tafiya Kurfai makon nan ya ƙirga allunan gudun da ya gani, gari bayan gari, ya rubuta a ƙasan wannan rubutu: ina akwai, ina babu, ina ya goge. Kada kowa ya ɗauki hoton shingen jami'an tsaro, ƙirga kawai muke so. Za mu haɗa jerin mu kai wa hukumomin Filinge da ANISER a rubuce, mu kuma dawo nan mu faɗa muku amsar da aka ba mu. In kana gidan gaba a hiyas direba ya wuce kima, buɗe baki ka ce "direba, sassauta". Kuɗin mota ka biya, ba ranka ka sayar ba.

A tura wa na gida. Allah ya kai kowa lafiya.