WASANNIN SHARE FAGEN ƘWALLON MATA: WA KE CIN RIBAR?

Duk bayan shekara biyu sai a buga gangar wasannin share fagen gasar cin kofin Afirka ta mata, gidajen rediyo su ɗauka, jami'an hukumomin ƙwallo su shiga jirgi. Abin da ake faɗa wa jama'a shi ne wai ana ɗaukaka darajar 'ya mace ne, ana ba ta 'yancinta. To, bari mai karatu ya ajiye wannan magana a gefe, ya dubi abin da ke faruwa a fili.

A share fagen gasar 2022 ƙasashe 44 ne suka sa suna, hukumar CAF ta yi ta tutiya cewa ba a taɓa samun irin wannan adadi ba. Me ya biyo baya? Ruwanda ta janye tun ba a taɓa ƙwallo ba. Kwango Kinshasa ma haka. Sao Tome ta buga wasa ɗaya da Togo ta ce ta haƙura. Kenya ta tsallake zagayen farko, amma rikicin gwamnati da hukumar ƙwallon ƙasar ya sa aka janye 'yan wasanta, wahalar da suka sha ta tashi a banza. Aljeriya ta zura wa Sudan 14 da nema a watan Oktoban 2021, kafin a je wasa na biyu sojoji sun yi juyin mulki a Khartoum, magana ta mutu. Maƙwabciya Nijar kuwa, ƙwallo 20 Kwaddebuwa ta zuba mata a wasanni biyu ba ta rama ko ɗaya ba. Dama a 2019 'yan Nijeriya sun yi mata 15 da nema a gasar yankin Afirka ta Yamma da aka yi a Abidjan.

Wannan gasa ce ko tozarta 'ya'yan mutane? Ai ko yaron da ke buga ƙwallon tsumma a lungu ya san ba a cin mutum 14 sai in babu shiri. Yara ne ake tattarowa, a sa masu riga mai tutar ƙasa, a tura su gaban duniya a yi masu dariya. Tambayar ita ce, me ya sa hukumomin ke nacewa sai sun tura su?

Amsar ba ɓoyayya ba ce. Hukumar FIFA tana raba wa kowace ƙasa kuɗin gudanarwa duk shekara, kuma daga cikin sharuɗɗan karɓar wani kaso na kuɗin akwai cewa ƙungiyar mata ta ƙasa ta buga wasanni, a kuma shirya wa mata gasa a cikin gida. Ke nan ga jami'in da ke zaune a ofis, ko an ci 20 ko an ci 30 duk ɗaya ne, an dai cika takarda. Ita kuma CAF ta shardanta wa kulob ɗin maza da ke son shiga gasanninta cewa ya mallaki ƙungiyar mata. Sai 'ya mace ta zama tikitin shiga. Ikwatoriyal Gini ma ba ta tsaya wahalar renon nata 'ya'yan ba, sai ta riƙa sa 'yan wasan da ba su cancanci wakiltarta ba, har FIFA ta kore ta a 2017 daga neman zuwa gasar duniya ta 2019.

Wani zai ce ai waɗannan ƙananan ƙasashe ne, a dubi Nijeriya mai kofi goma. To, a dube ta ɗin. A 2004 'yan matan sun ci kofi a Afirka ta Kudu, suka ƙi fita daga otal saboda an riƙe masu haƙƙinsu. A Disambar 2016 sun doke Kamaru a gidanta da ci ɗaya da nema, suka dawo Abuja suka shafe kusan mako biyu a otal suna jiran kuɗinsu, daga ƙarshe suka ɗauki kwalaye suka nufi Majalisar Tarayya ranar da Buhari ke gabatar da kasafin kuɗi. Ministan wasanni na lokacin, Solomon Dalung, ba kunya ba tsoron Allah, ya nuna cewa ba a yi zaton za su ci kofin ba ne shi ya sa ba a tanadi kuɗin ba! A 2019 an maimaita zaman otal a Faransa. A 2022 a Maroko sun ƙaurace wa atisaye kafin wasan neman na uku da Zambiya, dalilin dai shi ne na kullum. Shekara 18 ana abu ɗaya. Shari'a ta yi umarni a biya ma'aikaci ladarsa ba tare da ja masa rai ba, amma masu kiran kansu 'yantattun mata sai an yi masu zanga-zanga suke biya.

Ita kanta CAF haka take. Da annobar korona ta zo a 2020, gasar maza ɗage ta aka yi, ta mata kuwa soke ta aka yi ɗungurungum. Gasar da ake kira ta 2024 sai a Yulin 2025 aka samu sararin buga ta. Wadda ta ci kofin dala miliyan 1 aka ba ta, alhali Kwaddebuwa da ta ci na maza a farkon 2024 dala miliyan 7 ta karɓa.

Ranar 26 ga Yulin 2025 Nijeriya ta doke Maroko da ci 3 da 2 a Rabat. Nan take waɗanda ba a ji ɗuriyarsu ba lokacin da ake fafatawa da Kef Bad a share fage suka fito da manyan riguna. Shugaba Tinubu ya yi wa kowace 'yar wasa alƙawarin kwatankwacin dala 100,000, da gida mai ɗaki uku, da lambar girma ta ƙasa. A canjin lokacin, kuɗin sun kai kimanin naira miliyan 150 ga mutum ɗaya, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. A daidai lokacin ne kuma ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta ba da sanarwar cewa yara 652 sun mutu a cibiyoyinta na jihar Katsina a watanni shida na farkon shekarar saboda tamowa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba laifin 'yan wasan ba ne, su sun yi abin da aka tura su yi. Amma mahukuntan da ke da dala a hannu ranar ɗaukar hoto, ina suke ɓoye ta ranar da uwa ke ɗauke da ɗanta a layin asibiti?

Sai batun sutura, wanda shi ne ya fi damun iyaye Musulmi, kuma suna da hujjarsu. A nan ma masu da'awar 'yanci sun tona kansu. FIFA ta hana sa hijabi a fili tun 2007. A 2011 aka hana 'yan matan Iran buga wasan share fagen Olamfik da Jodan saboda lulluɓinsu, suka fita fili suna kuka. Sai a 2014 aka janye dokar gaba ɗaya, kuma sai a 2023 aka ga mace ta farko da hijabi a babbar gasar duniya, Nouhaila Benzina ta Maroko. A wannan shekarar ce kuma babbar kotun Faransa mai duba ayyukan gwamnati ta goyi bayan hukumar ƙwallon ƙasar kan hana hijabi a wasanninta. Wato mace tana da 'yancin ta buga ƙwallo, amma ba ta da 'yancin ta rufe kanta.

A Oktoban 2025 an sake zagayowa, Nijeriya ta fitar da Benin ta samu gurbi. Wasan da aka ce na gidan Benin ne ma a Lome ta ƙasar Togo aka buga shi, domin Benin ɗin ba ta da filin da CAF ta amince da shi a lokacin.