Yaron da ake kira daƙiƙi: wa ke da alhakinsa a Matameye?

Duk malamin da ya taɓa riƙe alli a gundumar Kance, daga cikin garin Matameye har zuwa Yawuri, Kurni, Dungu ko Ɗan Barto, ya san wasu yara iri biyu. Na farko shi ne yaro mai wayon baki, wanda ya iya kai saƙo, ya iya karɓo canji a kasuwa ba a cuce shi ba, amma ya shekara uku a lakwal bai iya haɗa baƙi da wasali ya fitar da kalma ba. Na biyu shi ne wanda zama wuri ɗaya ke gagara, ya tashi ya zauna, ya tsoma baki tun ba a gama tambaya ba, yau ya ɓatar da allonsa, gobe ya mance littafinsa. Na farko an raɗa masa suna daƙiƙi, na biyu kuma mai ƙiriniya ko mai kunnen ƙashi. Maganin da aka san musu guda ne: bulala, daga nan maimaita aji, daga nan sai kora, in ma yaron bai gaji don kansa ya daina zuwa ba.

Alhali kuwa likitoci sun daɗe da sanin waɗannan yara. Wani likitan ido na ƙasar Jamus, Rudolf Berlin, shi ne ya fara amfani da kalmar disleksiya a kan matsalar kasa karatu. A 1896 likita Pringle Morgan na Ingila ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira, wanda ya iya lissafi amma karatu da rubutu suka gagare shi. A 1902 kuma likita George Still ya yi bayani a birnin Landan a kan yaran da ba su iya tsayar da hankali ko kame kansu, abin da yau ake kira TDAH da Faransanci, ADHD da Ingilishi. Mai disleksiya yana shan wahalar rarrabe sautukan da ke cikin kalma da ɗora kowane sauti a kan harafinsa. Mai TDAH kuwa hankalinsa ne ke zillewa, ko da yana son ya saurara. Duka biyun sun fi zuwa ta hanyar gado, kuma ba su da alaƙa da lalaci, sammu ko shafar aljanu. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna kusan yara 5 cikin 100 suna da TDAH, masu matsalar karatu kuma tsakanin 5 da 10 cikin 100. Ke nan a ajin da ke da yara 60, ana iya samun uku masu zillewar hankali, da wasu uku zuwa shida waɗanda haruffa ke yi wa gardama.

Ta fannin doka, Nijar ba ta rasa alkawari ba. Tun ranar 2 ga Maris 1993 aka yi dokar kare haƙƙin naƙasassu. A 1994 taron Salamanka na ƙasar Sifaniya, ƙarƙashin UNESCO, ya tsayar da cewa makarantar unguwa ce ya kamata ta karɓi kowane yaro yadda yake. Dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta ware babi ga ilimi na musamman. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, sannan a Disamba 2019 aka sake yin wata doka a kansu. An kuma buɗe makarantar makafi a Yamai, da na kurame a Yamai, Maraɗi da Damagaram, kuma wannan abin yabo ne. Sai dai naƙasar da ido ke gani ita ake yi wa tanadi. Makaho yana da sanda, gurgu yana da keke, kowa ya gan su ya san bukatarsu. Yaron da haruffa ke rikita wa kai ba ya da wata alama a jiki, don haka a takardun makaranta sai ya faɗa cikin lissafin waɗanda suka maimaita aji ko suka bar karatu, ba wanda ya tambayi dalili.

Wani zai ce: ƙasar da har yanzu yara ke karatu a azuzuwan zana, ƙasar da gobara biyu, ta Yamai a watan Afrilu da ta Maraɗi a watan Nuwamba 2021, suka ci rayukan yara sama da 40 a irin waɗannan rumfuna, ina ta ga halin kula da ƴan tsiraru? Zai ƙara da cewa binciken PASEC na 2014 ya nuna ko yaro ɗaya cikin goma bai kai matakin karatun da ake bukata ba a ƙarshen firamare, na 2019 kuma ya nuna kusan uku cikin goma. Maganar tana da nauyi. Amma ita ce ma ke nuna inda gizo ke saƙa. Idan mafi yawan ajin ba su iya karatu ba, ta yaya malami zai gane wanda matsalarsa ke cikin kansa daga wanda kawai bai ji harshen da ake koyar da shi ba? Shi ya sa gyaran da zai fito da mai disleksiya fili shi ne kuma gyaran da zai amfani ajin baki ɗaya.

Kayan aiki na farko shi ne harshe. Yaron Matameye yana shiga ajin CI da Hausa a bakinsa, sai a ce ya koyi karatu da Faransanci, harshen da ake rubuta sauti guda da o, da au, da eau, kuma haruffa da yawa a ƙarshen kalma ba a furta su. Rubutun Hausa kuwa kusan kowane harafi yana da sautinsa guda. Masana da suka kwatanta masu disleksiya a Italiya, Faransa da Ingila sun gano cewa matsalar ɗaya ce, amma ta fi sauƙi inda rubutu ke bin furuci sau da ƙafa. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a jahar nan, domin a Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai fara karatu da Hausa a 1973. Kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. In har wannan matsayi zai yi amfani, to a ajin CI da CP ya kamata a fara ganinsa.

Na biyu shi ne tantancewa. Kafin a ɗora wa yaro wani suna, a fara kai shi asibitin kusa a duba idonsa da kunnensa, a tambaya ko yana da farfaɗiya, ko ya taɓa yin sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko kuma da yunwa yake zuwa aji, domin duk waɗannan suna hana karatu. Daga nan sai gwajin minti kaɗan, yaro ɗaya bayan ɗaya: harafi, gaɓa, kalma, jimla. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta yi suna da wannan dabara, inda ake kasa yara bisa abin da suka iya maimakon ajin da suke, a ba su darasin ƙari. Mafi yawansu kan taso cikin ƴan watanni. Waɗanda suka tsaya cik duk da wannan taimako su ne ke bukatar kulawa ta musamman. Wanda ya yi makarantar allo ba zai ga baƙon abu a nan ba: kowane almajiri da allonsa, kowa da inda ya tsaya, kuma ba a wanke wa yaro allo sai ya iya.

Na uku yana hannun malami, kuma bai fi ƙarfin aljihun kowa ba. A zaunar da mai zillewar hankali a gaba, nesa da ƙofa. A ba shi umurni ɗaya a lokaci ɗaya, a yanka masa aiki gunduwa-gunduwa, a yaba masa nan take idan ya gama. Tun da zama ke ba shi wuya, a sa shi share allo ko rabon littattafai, motsin ya zama aiki. Mai disleksiya kuma ya zana harafi da yatsa a cikin rairayi yana furta sautinsa, a ƙara masa lokaci a jarrabawa, a yi masa wasu tambayoyin da baki, kada a tsayar da shi gaban aji ya yi karatu ƴan uwansa na dariya. Ga samari da ƴan mata da suka girma, wayar hannu ma kayan aiki ce. Ƴan kasuwar da ke cinikin miliyoyi da Kano da Daura ta hanyar saƙon murya a WhatsApp sun fi kowa sanin haka.

Akwai maganin asibiti na TDAH, wanda aka fi sani da Ritalin, amma likita ƙwararre ne kaɗai ke rubuta shi bayan bincike, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son a fara da horar da iyaye dabarun tarbiyya. Kada uwa ko uba su kuskura su nemi ƙwayar kwantar da yaro wajen masu tallar magani a kasuwa, don daga nan ne ake buɗe ƙofar shaye-shaye.

Abin da ake asara ba kaɗan ba ne. Yaron da aka shekara biyar ana ce masa daƙiƙi yakan yarda da sunan, ya fita da ƙiyayyar takarda har tsufansa. Yarinya kuwa sau da yawa ba ta ƙiriniya, shiru take yi hankalinta na wani wuri, ba mai lura da ita har ranar da za a ce tun da ba ta ja, gara a yi mata aure. Mutanen Kance ba su mance da watan Oktoba 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawawwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara, akasarinsu ƴan wannan yanki. Talauci ne ya fitar da su. Amma idan gida ya shiga matsi, yaron da makaranta ta riga ta yanke wa ƙauna shi ne aka fi saurin cirewa a tafi da shi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ofishin ministan ilimi ya sa wannan darasi cikin horon malamai, a fara daga makarantar horon malamai ta Askiya Muhammad da ke Damagaram. Sufetocin makarantu na Kance su bukaci kowane darakta ya kawo musu, a ƙarshen ajin CP, sunayen yaran da ba su iya harafi ba da abin da aka yi musu. Shugabannin riƙo da aka ɗora a kan ƙananan hukumomi bayan rusa majalisunsu a Afrilu 2024 su ware wani abu daga kuɗin harajin kasuwa don darussan ƙari. Kwamitocin COGES da ƙungiyoyin iyaye mata su tsara lokutan, limamai su faɗakar da jama'a cewa duka ba ya sa harafi ya shiga kai. Attajirai kuma, waɗanda irin yaran nan ke ƙarewa a shagunansu da garejinsu, su ɗauki nauyin alli, allo da fitila, su kuma bar yaran shagonsu su je ajin yaƙi da jahilci ko da awa ɗaya ce a yini. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba masu iko ikon dubawa, ya shirya zuri'a baki ɗaya.