Firgitar Yara Bayan Aikin Ido: Rigakafin Ya Fara Tun Daga Gida

Magidanci daga ƙauyukan Ɗambatta ko Bichi, wanda ya bar gonarsa ta gero da gyaɗa ya kawo ɗansa Kano domin a cire masa yanar ido, ba abin da ya fi tsoro kamar wuƙar likita. Amma sau da yawa abin da ke tsaya masa a rai yakan zo ne bayan an gama aiki lafiya. Yaro ya farka daga maganin sa barci yana ihu, yana shure-shure, yana neman fizge audugar da aka rufe idon da ita, bai ma gane mahaifiyarsa ba.

Likitoci sun bayyana wannan hali tun 1961. Ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 5, musamman idan an sa su barci da iskar sebofuluren, wadda ke sakin jiki da sauri, har yaro ya motsa alhali hankalinsa bai gama dawowa ba. Aikin ido yana cikin waɗanda suka fi janyo shi, domin yaro yakan farka cikin duhun da bai kwanta da shi ba. Galibi abin yakan lafa cikin rabin sa'a. To, amma a wannan ɗan lokaci yana iya murza idon, ɗinki ya lalace.

Akwai magunguna. A 2007 likitoci a Beirut sun nuna cewa ɗan ƙaramin awo na furofofol a ƙarshen aikin gyaran harara-garke yana rage firgitar sosai. Sai dai dogaro da allura kaɗai kuskure ne a ƙasar da majinyaci ke ƙirga kowace naira.

Abin da ya fi dacewa da manoman arewacin Kano shi ne abin da ba ya cin kuɗi. A 2018 wani bincike a ƙasar Sin ya gano cewa yaran da aka rufe musu idon da za a yi wa aiki na tsawon sa'a 3 ko fiye, ana gobe tiyata, sun fi farkawa cikin natsuwa. Wato sun riga sun saba da duhun. A shekarar dai, a Koriya ta Kudu, an ga muryar uwa da aka naɗa ta fi ta baƙo kwantar da yaro yayin farkawa. Wace uwa ce a Makoɗa ba za ta iya kiran sunan ɗanta a wayar hannu ba?

Saboda haka ya kamata Asibitin Ido na ECWA, wanda ke aiki a Kano tun 1943, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da sauran takwarorinsu su mai da wannan shiri ƙa'ida, a kuma yi wa iyaye bayani da Hausa tun ranar da aka sa lokacin aiki. Uwar da ba a gaya mata ba tana iya ɗauka iskoki ne suka taɓa ɗanta, ta ƙi dawo da shi a yi wa ɗaya idon. Idon ƙaramin yaro kuwa, in ya daɗe a rufe da yana, ƙwaƙwalwa ba ta koyon gani da shi, ko da an cire yanar daga baya.