Danna-Maza a Wasannin Bidiyo: Gwajin Gwaninta ko Gwajin Jijiya?

Duk wanda ya taɓa zama gaban talabijin yana wasan bidiyo na jarumta da yawon kasada ya san irin wannan takaici. Mutum ya shafe sa'a guda yana fafatawa da abokan gaba, har wasan ya kai wani wuri da ya koma tamkar fim, sai ya saki jiki yana kallo. Kwatsam sai wata alama ta bayyana a allo tana umartarsa da ya danna maɓalli kaza nan take. Kafin ya farga, jaruminsa ya mutu, an mayar da shi baya. Masu sana'ar suna taƙaita sunan wannan dabara da haruffa uku, QTE, amma a wannan maƙala za mu kira ta "danna-maza". Ra'ayina shi ne, a mafi yawan wuraren da ake cusa ta, ba ta dace ba, kuma kimiyya na da abin cewa a kan dalilin haka.

Da farko dai, yana da kyau mu san asalinta. A shekarar 1983 aka fito da wasan Dragon's Lair a Amurka, wanda Don Bluth ya zana hotunansa, aka ɗora su a faifan leza. Na'urorin wancan zamani ba su da ƙarfin zana irin waɗannan hotuna da kansu, don haka fim ne ake nunawa, aikin mai wasa kawai ya karkata sanda ko ya danna maɓalli a daidai lokacin da ake so. Ke nan larura ce ta haifi dabarar. A 1999 Yu Suzuki na kamfanin Sega a Japan ya farfaɗo da ita a wasan Shenmue, daga nan ne ma sunanta ya bazu. Bayan Resident Evil 4 da God of War sun yi kasuwa a 2005, sai kamfanoni suka yi mata rubdugu, kowa na kwaikwayo.

To, me danna-maza ke aunawa a jikin ɗan Adam? Tun a 1868 masanin nan ɗan ƙasar Holan, Franciscus Donders, ya nuna cewa mutum ya fi saurin mayar da martani idan abu guda yake jira, kuma yakan ƙara jinkiri idan sai ya zaɓa tsakanin abubuwa. Lafiyayyen matashi yana buƙatar kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa kafin yatsansa ya amsa abin da idonsa ya gani. A 1952 William Hick na Ingila ya tabbatar da cewa lokacin yana ƙaruwa gwargwadon yawan zaɓin da ke gaban mutum. Saboda haka idan alama ta faɗo ba zato, kuma tana iya zama kowace daga cikin maɓallai huɗu ko fiye, abin da ake gwadawa shi ne saurin saƙo daga ido zuwa ƙwaƙwalwa, daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka. Wannan aikin ɗakin gwaje-gwaje ne. Dabarar yaƙi da mai wasa ya ɓata sa'o'i yana koyo, da sanin hanya, da tattalin makamai, duk ba su da amfani a wannan lokaci.

Bugu da ƙari, dabarar tana kashe abin da aka ƙirƙire ta domin shi. Masu shirya wasa suna cewa suna so mai wasa ya ji yana cikin fim ɗin. Amma sashen ido da ke gani tangaran ɗan ƙarami ne, faɗin abin da yake kamawa bai wuce farcen babban yatsa ba idan mutum ya miƙe hannunsa. Hankali ma haka yake. A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris sun sa mutane ƙidaya yawan jifan ƙwallo a wani ɗan gajeren fim, sai kusan rabinsu ba su lura da mutumin da ya ratsa tsakiyar 'yan wasan sanye da kayan goggon biri ba. Haka mai wasa yake idan yana dakon alama: idonsa na kan inda za ta ɓullo, faɗan da aka kashe dukiya wajen tsarawa yana wucewa bai gani ba. Hausawa sun ce ba a gudu ana susar takashi. Masu God of War III sun gane haka, shi ya sa a 2010 suka mayar da alamomin gefen allo, kowace a ɓangaren da maɓallinta yake.

Akwai kuma batun adalci. Saurin martani yana raguwa yayin da shekaru ke tafiya. Mai ciwon gaɓoɓi, ko mai rawar hannu, ko mai hannu ɗaya, yana iya cin wasa da hikima da haƙuri, amma a tare shi a ƙofa guda don kawai ya kasa danna maɓalli sau da yawa cikin 'yan daƙiƙu. Ya sayi wasan da kuɗinsa, an hana shi ganin ƙarshensa.

Sai dai ba zan yi wa dabarar kuɗin goro ba, domin akwai inda ta yi rawar gani. A wasan Metal Gear Solid na 1998, wanda Hideo Kojima ya tsara, ana azabtar da jarumin, mai wasa kuwa dole ya yi ta danna maɓalli don ya jure. Yana da damar miƙa wuya, amma in ya yi haka, abokiyar gwagwarmayarsa Meryl za ta rasa ranta. A nan gajiyar yatsa tana da ma'ana, domin ita ce mafi kusa da wahalar da jarumin ke sha. Haka nan a Heavy Rain na 2010, kuskure ba ya tsayar da wasa. Labarin yakan ci gaba ta wata hanya, ko da wani daga cikin taurarin ya mutu. Bambancin a fili yake: a waɗannan wasanni dannawar tana ɗauke da zaɓi da sakamako.

Don haka, a tawa fahimtar, danna-maza ba ta cancanci zama a wasa ba sai ta cika sharuɗɗa uku. Na farko, maɓallin da za a nema ya kasance wanda mai wasa ya saba amfani da shi wajen wannan aiki, na tsalle ya zama na tsalle, na kariya ya zama na kariya. Na biyu, kuskure ya sauya labari maimakon ya tilasta maimaita kallo. Na uku, a ba wa mai wasa ikon sassauta ta ko kashe ta baki ɗaya.

Abin farin ciki, masana'antar ta fara bin wannan hanya. Wasan Marvel's Spider-Man na 2018 ya ba da damar a bar na'ura ta kammala irin waɗannan wurare da kanta, ko a riƙe maɓalli maimakon a yi ta dannawa. Da kamfanin Capcom ya sake gina Resident Evil 4 a 2023, sai ya mayar da shahararren faɗan wuƙa da Krauser faɗa na sosai, wanda mai wasa ke sarrafawa da hannunsa. Idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Larurar da ta haifi dabarar a 1983 ta kau, na'urorin yau suna iya barin mai wasa ya yi da kansa abin da a da sai dai a nuna masa.

Daga ƙarshe, ina kira ga ɗalibanmu masu nazarin kwamfuta, waɗanda wataƙila wata rana za su tsara nasu wasannin, da su riƙa tambayar kansu kafin su sa kowace alama a allo: shin wannan tana gwada tunanin mai wasa ne, ko kuwa jijiyar yatsansa kawai? In amsar ta biyu ce, to, a bar shi ya kalli fim ɗinsa cikin kwanciyar hankali.