Gidajen haya na 'yan kwanaki: Wa zai biya kuɗin aiwatar da doka?

Manyan biranen duniya da dama sun kafa dokoki don taƙaita bayar da hayar gidajen zama ga baƙi na 'yan kwanaki ta kafofi irin su Airbnb da Booking.com. Hujjarsu ita ce, duk gidan da aka mayar masaukin 'yan yawon buɗe ido ya fita daga hannun iyalan da ke neman haya ta shekara. Sai dai rubuta doka ba ya cin kuɗi kamar aiwatar da ita, kuma nauyin aiwatarwar kan faɗa ne a wuyan ƙananan hukumomi.

Birnin Landan ya nuna yadda lamarin ke kasancewa. Tun shekarar 2015 doka ta ƙayyade cewa ba za a bayar da hayar gida gaba ɗaya ga baƙi fiye da dare 90 a shekara ba, sai da izinin hukuma. Amma ba a haɗa dokar da rajistar dole ba, don haka ƙaramar hukumar da ke zargin wani mai gida sai ta tabbatar da adadin kwanakin da kanta. Wannan aiki ne na ma'aikata da lauyoyi, a hukumomin da ke fama da kuɗin kula da tsofaffi da marasa matsuguni. Mai gidan da ya cika kwanakinsa a wata kafa yana iya komawa wata, ba tare da an gano shi ba.

Birnin New York na Amurka ya sha irin wannan wahala. Dokar jihar ta 2010 ta haramta hayar ƙasa da kwana 30 a yawancin gidajen bene idan mai gidan ba ya nan, amma jami'ai sun dogara ne da ƙorafin maƙwabta da bin gida-gida. Daga 5 ga Satumba, 2023 salon ya sauya. Sabuwar dokar birnin ta wajabta wa mai gida yin rajista a ofishin sa ido na musamman da ke ƙarƙashin magajin gari, ya biya dala 145, ya kasance yana zaune a gidan, kuma baƙinsa kada su wuce biyu. Tarar mai gida na iya kai dala 5,000. Muhimmin abu shi ne, an haramta wa kafofin intanet karɓar kuɗin hayar gidan da ba shi da rajista, in ba haka ba su ma su biya tara. Ta haka birnin ya ɗora kaso mai yawa na aikin tantancewa a kan kamfanonin da ke cin riba, kuma tallace-tallacen irin wannan haya suka ragu matuƙa.

Hanyoyin samun kuɗin sa ido uku ne, kowace da illarta. Na farko kuɗin lasisi, kamar a Sikotland, inda ƙananan hukumomi ke ƙayyade shi daidai da abin da aikin ke ci. Idan ya yi tsada, masu gida su ɓuya. Idan ya yi araha, ba zai biya albashi ba. Na biyu tara, wadda ba a iya gina kasafi a kanta, domin tana raguwa idan jama'a suka bi doka, kuma tana iya mayar da jami'i mafarauci. Na uku baitulmali, wato talakan da ba shi da gida ya biya kuɗin tsaron kasuwancin mai gida. Shi ya sa Tarayyar Turai ta zartar da doka a 2024 da ke tilasta wa kafofin miƙa wa hukumomi bayanan gidaje da kwanakin haya, domin bayanai na rage yawan ƙafar da za a tura.

Duk da haka, nasarar New York ba ta sauko da kuɗin haya ba, kuma wasu masu gidaje sun koma talla a Facebook da makamantansa, inda sai jami'i ya taka da ƙafarsa.

A Abuja da Legas wannan kasuwa na bunƙasa, yayin da ma'aikaci ke biyan hayar shekara gaba ɗaya. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, amma albashi, asibitoci da makarantu na jiran kuɗin nan. Duk hukumar da za ta tsoma baki a harkar, ya kamata ta fara da rajista mai sauƙin kuɗi, ta tilasta wa kafofin bayar da bayanai, sannan ta keɓe abin da aka tara don aikin sa ido kaɗai. Idan ba haka ba, za a ƙara wa masu gida haraji ne kawai, su kuma su ɗora shi a kan 'yan haya.