Gida da Iyali: Kafin Ku Biya Kuɗin Gida, Ku Tambayi Inda Ruwa Ke Bi

 A wannan wata za mu ba ku labarin gidan da muka kusa saya a Jos, da abin da ya sa muka fasa, gama mun san da yawa cikinku suna tara ɗan abin da suka samu domin su huta da biyan haya.

Cikin watan Janairu ne dillali ya kai mu, mu da uwargida. Gida mai kyau, ɗaki uku da falo, ga gareji. Daga bakin titi hanyar mota ta gangara har ƙofar garejin, an shafe ta da siminti sumul. Kuɗin kuwa bai kai na sauran gidajen unguwar ba. Mu dai har mun fara lissafin rancen da za mu ci a ƙungiyar malamai, sai uwargida ta ja mu gefe ta ce, "Malam, dubi gindin bangon nan. Me ya sa shi kaɗai aka yi wa sabon fenti?" Muka duƙa muka duba. Ashe ƙasan ƙofar ƙarfen ma duk tsatsa ta cinye shi, ga warin danshi, alhali ana tsakiyar hunturu.

Da muka fito sai muka gai da wata dattijuwa da ke zaune a ƙofar gidan da ke kusa, muka ce, "Mama, yaya gidan nan ya ke da damina?" Ta yi dariya ta ce masu haya na baya sun sha kwana suna kwarfar ruwa da bokiti, har buhunan masararsu suka tsira a cikin gareji.

To, bari mu yi ɗan lissafi irin na aji. In ruwan sama ya sauka milimita 1 a kan fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi, lita 1 ke nan. Hanyar mota mai faɗin mita 3 da tsawon mita 10, in aka yi ruwa na milimita 50 cikin dare, za ta tara lita 1,500, watau durom bakwai da rabi. Siminti ba ya shan ruwa, saboda haka dukansa ƙofar gareji zai nufa. Ba mu ma sa wanda ke zubowa daga kwanon rufi ba, balle wanda ke kwararowa daga titi in lambatu ya toshe da leda. Jos kuwa takan sami ruwa wajen milimita 1,300 zuwa 1,400 a shekara, ya fi ƙarfi cikin Yuli da Agusta. Wanda ya ga gida da rani, rabin gidan kaɗai ya gani.

Ɓarnar ba ta tsaya ga masara ba. Ruwan da ke kwana a gindin bango yakan sassauta ƙasar da ke riƙe da harsashin gini, bango ya fara tsagewa. Danshi yakan gayyato gara, kwantaccen ruwa ya haifi sauro. In akwai firiza ko janareto a ƙasa, ko soket kusa da daɓe, ruwa da wutar lantarki suka haɗu, ana iya rasa rai. Ga kuma gangarar kanta: motar da aka ajiye a sama, in birkin hannu ya saki, ƙofar gareji za ta nufa, wurin da yara suka fi son wasa.

Amma kada ku ɗauka kowane gida mai irin wannan gangara abin gudu ne. A gari mai tuddai kamar Jos, da wuya a sami fili a baje. Abin tambaya ɗaya ne: in ruwa ya iso ƙasa, yana da mafitar da ta fi shi ƙasa? Domin mu sami amsa, muka koma da wani magini da muka amince da shi. Ya zo da doguwar tiyo wadda ake ganin cikinta, ya cika ta da ruwa. Ya riƙe baki ɗaya a ƙofar gareji, yaronsa ya riƙe ɗayan a lambatun titi. Da shi ke ruwa a bakin nan biyu daidai ya ke tsayawa, sai aka auna daga kan ruwan zuwa ƙasa a kowane gefe. Aka tarar daɓen garejin ya fi gindin lambatun zurfi da wajen ƙafa biyu. Bayan gidan kuwa katangar maƙwabci ce. Ke nan ruwa ba shi da wurin zuwa, sai dai a haƙa rami a sa injin ja, mu kuwa mun san lokacin hadari ne wuta ta fi ɗaukewa. Huda katanga a tura wa maƙwabci ruwa, wannan sayen rigima ne da kuɗinka. Muka yi wa dillali godiya, muka haƙura.

Wani abokin aikinmu ya sayi gida mai gangara irin wannan, yana zaune lafiya, gama bayan gidansa ƙasa ta ci gaba da gangarawa har babbar magudana. Ya sa aka yi masa ɗan tudu a bakin get domin ruwan titi ya wuce, aka yanka kwata a gaban gareji daga bango zuwa bango, aka rufe ta da ragar ƙarfe, aka haɗa ta da bututu mai faɗi zuwa baya. Aka kuma ɗaga gaban ƙofar kaɗan. Ƙa'idar da masana gini ke bi ita ce ƙasa ta sauka daga jikin bango inci 6 cikin ƙafa 10 na farko, watau santimita 15 cikin mita 3. Kuɗin aikin duka an cire shi daga kuɗin gidan tun wurin ciniki. Kowace Asabar ta damina yaransa sukan ɗaga ragar su kwashe yashi.

Saboda haka in kun ga gida ya kwanta muku a rai, ku yi ƙoƙari ku je ku gan shi ana tsakar ruwa, ko da lema ce a hannu. In ciniki ba zai jira damina ba, ku duba gindin bango, ku tambayi maƙwabta, ku biya magini na kanku ya auna. Ku kuma tuna titin da ba a yi wa kwalta ba tukuna, ran da aka yi masa ciko zai ƙara tsawo, gidan ya ƙara nutsewa. Maigida kada ya tafi shi kaɗai, gama da ba don idon uwargida ba, da yanzu muna biyan bashi muna kwarfar ruwa.

Har yanzu muna gidan haya, muna ci gaba da nema. Sai wata mai zuwa, a gai da yara.