Lasifikar dare da haƙƙin maƙwabci



Ya ku ƴan'uwa da muke haɗa sahu tare, akwai maganar da mu malamai muka daɗe muna kauce mata, domin mu ta fi shafa. Tun da farantin sola da batir suka yawaita, masallatai da dama a nan Belbeji suka ɗaura lasifika a sama, wasu kuma ba sa kashe ta bayan isha'i. Wa'azin da aka naɗa yana ta tashi har tsakar dare, wanda ya kunna shi ma ya daɗe da yin barci.

Idan tsoho marar lafiya ko mai jego suka koka, sai a kira su maƙiya addini. Wannan ƙazafi ne. Abu Dawud ya ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana i'itikafi ya ji mutane suna ɗaga murya da karatu, sai ya yaye labule ya hana su cutar da juna. Alƙur'ani fa suke karantawa, a cikin masallacinsa, da muryar da Allah Ya ba su kawai. To ina ga na'urar da ke kai amo har bayan gari, ta hana barci ga manomin da zai yi sammako zuwa gonar hatsi?

Wasu suna cewa dokar hana hayaniya ta Nasara ce. Dokar ƙasarmu mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamba 1998, wadda ta tsara kula da muhalli, ta hana amon da ke cutar da lafiya ko takura wa maƙwabta. Me ta zo da shi wanda fiƙihu bai riga ya faɗa ba a babin kawar da cuta? A 2021 hukumomin Saudiyya suka taƙaita lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, ƙarfinta kuma kada ya wuce sulusi. Su ma maƙiya addini ne?

Kiran salla babu mai taɓa shi. Amma da wane baki zan kai wa magajin gari kukan masu kiɗan biki da ke kwana suna cika unguwa, alhali tawa lasifikar ta fi tasu amo?

Daga wannan Juma'a, a masallacinmu, ladan zai kashe ta waje da zarar an tayar da iƙama. Karatu da wa'azi za su tsaya a ta ciki. Mai son ji, ƙofa a buɗe take.